Yadda Ake Gina Kiɗan Na'ura Daga Ƙarafan Suame da Kalangun Zango

Tambayar ta ƙi ƙarewa. Wasu ta waya, wasu in mun haɗu wajen mai koko da safe a Aboabo: "Yaya, wannan kiɗan naka da babu waƙa a ciki, mai gunji kamar hadari na haɗowa, ga ƙarar ƙarfe ga kalangu can ƙasa-ƙasa, da me kake yin sa?" Na ga gara in zauna in rubuta shi daki-daki, kowa ya ɗauka.

Masu harkar suna ambaton abubuwa uku a cikinsa. Akwai ambiyen, wato shimfiɗar amo mai tsawo wadda ba ta gaggawa. Akwai indastiriyal, ƙarar ƙarfe da inji. Sai wanda suke ce wa tirayibal, suna nufin ganguna. Wannan suna na uku bai kwanta mini ba, domin gangunanmu kowace da sunanta, da mai ita, da abin da take faɗa. Duka ukun suna nan cikin Kumasi, tsakanin ƙofar gidanka da Suame, unguwar makanikai da maƙera. Wanda ya fara da sauke tarin gangunan da wani ya naɗa a wata ƙasa, kiɗansa zai fito irin na kowa, kuma kayan aro ba ya rufe katara.

1. Haɗa kayan aiki, kada ka wuce buƙata

Zan faɗi farashi da dala, domin na sidi ba ya zama wuri ɗaya.

Kwamfuta: laftof ta hannu ta isa, in dai tana da RAM mai giga 8. Na fifita laftof saboda dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki. In an ɗauke wuta kana tsakiyar aiki, batirinta zai ba ka damar ajiyewa.

Manhaja: Audacity kyauta ce, da ita za ka yi yanka da ja. Reaper ita ce ɗakin haɗawa. Ana gwada ta kwana 60 ba biya, lasisin mai ƙaramin ƙarfi kuma dala 60 ne. Ƙara Valhalla Supermassive don amsa-kuwwa da Youlean Loudness Meter don auna ƙarfi, dukansu akwai na kyauta. In kana son amon da na'ura ke ƙirƙira da kanta, Surge XT da Vital suna nan, amma ka bar su sai ka gama aikinka na farko.

Ƙaramar rikoda ta riƙewa a hannu: Zoom H1n ko Tascam DR-05X, sabuwa tana wajen dala 100. Hedifon mai rufe kunne ruf, irin Audio-Technica ATH-M20x, wajen dala 50. In da saura a aljihu, sai akwatin shigar da sauti irin Behringer UMC22 da makirufo Shure SM57. Lasifikan situdiyo su ne na ƙarshe. Ɗakin haya mai bangon siminti da rufin kwano zai sa su yi maka ƙarya.

In babu kuɗin rikoda, fara da wayarka. Nemi manhajar da ke ajiye WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, ka kashe duk wani abu da ke rage hayaniya da kansa, ka sa wayar a yanayin jirgin sama kafin ka danna.

Hattara: in na hannu za ka saya, a shagunan Adum ne ko ta shafin saye da sayarwa na Jiji, tafi da batiri da katin memori da hedifon ɗinka. Naɗi muryarka, ka saurari kunnen dama da na hagu dabam-dabam, sannan ka tura kuɗin ta momo, wato ta waya. Rikodar da ta taɓa faɗuwa sau da yawa kunne ɗaya ne ke mutuwa, kuma ido ba ya ganin haka.

2. Fita farautar sauti

Nan ne gindin aikin, kuma nan ne mutane ke yi wa gaggawa.

Saita rikoda tun daga gida: WAV, kilohaz 48, bit 24. Minti ɗaya yana cin wajen megabayit 17, awa ɗaya giga ɗaya da ɗan kai, saboda haka kati mai giga 32 ya wadatar. Kashe saitin da ke ɗaga ƙarfi da kansa. Da hannunka za ka juya, har ƙara mafi ƙarfi ta tsaya wajen -12 dB a ma'auni. Sautin da ya yi ƙasa ana iya ɗaga shi a gida. Wanda ya buge rufi ya fashe, ya fashe ke nan.

Ƙarfe kuwa sai Suame Magazin, babbar matattarar garejoji da shagunan ƙarfe. Kada ka shiga kai kaɗai kana nuna na'ura kamar ɗan leƙen asiri. Da ɗan gari akan ci gari, kuma da wuya a rasa yaron zango da ke koyon aiki a can. Shi zai kai ka wajen mai shago. Gaida Masta da kyau, in Asante ne ka fara da "mepa wo kyɛw", wato "don Allah", ka faɗa masa kiɗa kake yi kuma ƙarar guduma kake so, ba hirarsu ba. Sa masa hedifon ya ji da kunnensa. Ban taɓa ganin wanda ya ji gudumarsa a hedifon bai yi murmushi ba. Kafin ka tafi, saya wa yaran shago ruwa da abin taɓawa.

Abin da za ka nema: masu buga jikin mota, maƙera a kan uwar maƙera, tsartsatsin walda, sarƙar da ake ɗaga inji da ita, sifirin babbar mota in an buge shi, fankon duro. Da rana Magazin gaba ɗaya ƙara ɗaya ce dunƙulalliya, tana da amfaninta a shimfiɗa. Amma bugu ɗai-ɗai mai tsabta sai da sassafe kafin a buɗe shaguna, ko ranar Lahadi. Roƙi yaro ɗaya ya buga maka kowane ƙarfe sau goma, a hankali da kuma da ƙarfi, yana barin amon ya mutu gaba ɗaya kafin ya sake. Jelar amon nan da ke ɓacewa ta fi bugun kansa daraja.

Hattara: kunne ba ya da safaya. Ƙa'idar masu kula da lafiyar ma'aikata ita ce awa 8 a ƙarar desibel 85, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. Injin yankan ƙarfe yana iya kai 100, inda minti 15 ya isa. Sa abin toshe kunne a ƙarƙashin hedifon, ka tsaya gefe da tsartsatsi, kada ka dubi hasken walda.

Na shimfiɗa kuma ga su: injin niƙa na unguwa, janareto daga nesa, kasuwar Kejetia daga bene inda dubban muryoyi ke narkewa su zama gunji ɗaya, ruwan sama a kan kwano tsakanin Afrilu da Yuli, kwaɗi bayan ruwa ya ɗauke, bakin tafkin Bosomtwe da asuba. Kowane wuri ka naɗi aƙalla minti biyar ba ka motsa ba. Ɗora rikodar a kan wani abu, domin yatsunka suna ƙara a jikinta. Da ka danna, fara faɗin wurin da ranar da bakinka.

Hattara: iska ce babbar abokiyar gaba, musamman da hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu. Soson da ke zuwa da makirufo ba ya tare ta. Nemi hular gashi da ake sa wa rikoda, ko tela ya ɗinka maka da ƙyalle mai gashi. Ƙurar hunturu ma tana shiga ramukan makirufo, sai ka riƙa mayar da ita jaka da ka gama.

Wani abu kuma da ba na sassautawa a kai: ba na sa kiran sallah ko karatun Alƙur'ani a cikin kiɗa, ko an ja shi har ba a gane shi. A zango da asuba lasifikan masallatai suna shiga kowane naɗi. Jira a idar, ko ka yanke wurin. Hirar mutane da za a iya gane kalmominta ita ma ka cire, sai in sun yarda.

3. Ƙera makirufon manne

Wannan ƙaramin abu shi ke jiyo abin da ke cikin jikin ƙarfe, wanda kunne ba ya ji ta iska. Faifan fiyezo ne, ɗan zagayayyen tagulla mai farin tsakiya. Masu sayar da kayan gyaran rediyo suna da shi, a Akra ana samu a Zongo Lane, ko ka ciro daga tsohon agogon da ke ƙara. Kuɗinsa bai kai na kwanon waake ba.

Yanke wayar jita ta gefe ɗaya. Zaren tsakiya ka liƙa shi da dalma a farin tsakiyar, zaren da ke nannaɗe a waje kuma a bakin tagullar. Yi sauri, domin zafi in ya daɗe yana ɓata farin. In ba ka iya ba, mai gyaran waya zai yi maka a minti biyu. Rufe da gam ko salatif. A akwatin sauti, sa shi a ramin jita mai alamar INST. In ka sa a ramin makirufo zai fito siriri, ba ƙasa.

Manna shi a ƙofar ƙarfe, tankin ruwa, shingen waya, kwanon rufi lokacin ruwa. Goga da tsinke, ja da baka irin na goge, buga da yatsa.

Hattara: kada ka kusantar da shi ga taransifoma, injin walda, turken wuta, ko rufi lokacin da ake tsawa. Wayar nan daga ƙarfen take har kunnenka.

4. Tace abin da ka kwaso a daren

Kada ka kwana ba ka juye ba. Saurara, ka yanke masu kyau, ka ba kowane suna da wuri da abu da rana. Raba su jaka uku: ƙarfe, shimfiɗa, fata. Ajiye a wuri biyu, kwamfuta da wani faifai dabam. Na taɓa rasa naɗin damina guda saboda faifai ɗaya da na dogara da shi, kuma ruwan bara ba ya dawowa.

5. Zama da makaɗi

Ka je gidansa da kanka, da goro a hannu. Kada ka aika yaro, kada ka fara da maganar kuɗi.

Wanda nake aiki da shi dattijo ne mai kalangu, gadon gidansu ne, kiɗan mahauta da na biki. Ranar farko na kunna masa ƙwanƙwasar na'ura mai ƙidaya lokaci a kunne, na ce, "Baba, ko za a bi wannan?" Ya saurara kaɗan, ya cire hedifon ya miƙo mini. Ya ce, "Ɗana, wannan abin ba ya numfashi. Ka bar ni in kaɗa, shi ya biyo ni." Tun ranar haka nake yi, kuma shi ne abin da ya raba kiɗana da na masu jera ganga a kan layukan kwamfuta. Makaɗi yana ja baya kaɗan, yana tura gaba kaɗan, nan ran kiɗan yake. In ka daidaita shi da layi, ka kashe shi.

Ɗaki: mai katifa da labule da kaya, a kashe fanka da firij. Kalangu a hammata yake, makaɗin yana matsa tsarkiya yana juyi, saboda haka kada ka manna makirufo a fata. Ja da baya kamu biyu zuwa uku, daidai fuskar da ake bugawa. In kana da rikoda ta biyu, ajiye ta a kusurwar ɗaki ta ɗauki amon wurin. Babbar ganga irin gungon na Dagomba tana buƙatar ƙarin tazara, kuma ka rage ƙarfi sosai. Ce masa ya buga mafi ƙarfin da zai buga, ka saita a kan wannan, sannan ka ƙara ragewa kaɗan, domin in kiɗa ya yi daɗi hannu yana ƙara nauyi.

Bar shi ya yi doguwar tafiya, minti goma ko fiye, ba tsayawa. Minti biyun farko ɗumama hannu ne. Bayan nan ka roƙi bugu ɗai-ɗai: sake, matse, da wanda murya ke hawa bayan an buga. In da hali ka naɗi ƙwarya, shantu, goge, sarewa, ko dawuro na Asante. Luguden mata biyu a turmi ɗaya ma kiɗa ne cikakke.

Hattara, kuma wannan ya fi duk sauran gargaɗin nauyi: kalangu magana yake yi. Lunga ta Dagomba tana jero asalin sarakuna, atumpan na Asante yana kiran sunaye da kirari. Bayan kowane naɗi ka tambaya, "Baba, me aka ce a nan?" ka rubuta. Kana iya yanko daƙiƙa huɗu don sun yi maka daɗi, ashe taken wani basarake ne ka sare a tsakiya, ko kiɗan makoki ka sa mutane rawa a kai. Baƙo a Turai ba zai sani ba, amma tsohuwar da ke maƙwabtaka da ku za ta sani. Mafi sauƙi shi ne ka roƙe shi ya yi maka kiɗan sake wanda ba taken kowa ba. Kiɗan fada kuwa, irin wanda ake yi a Manhyia, fadar Sarkin Asante, ranar bikin Akwasidae da ke zagayowa duk mako shida, kada ka ɗaga rikoda sai da izinin masu wurin.

Kuɗi: tambayi abin da yake samu a biki ɗaya, kada ka ba shi ƙasa da haka. Ku rubuta takarda mai sauƙi, a karanta masa da Hausa a gaban shaida: sunansa zai fito, ga abin da aka biya, ga kasonsa in an sayar. Ni rabi nake bayarwa a duk aikin da gangarsa ce ƙashin baya. Ka kuma sani cewa dokar haƙƙin mallaka ta Ghana ta 2005, Act 690, ta sa kayan gargajiyar ƙasa a hannun Shugaban Ƙasa a madadin jama'a, kuma National Folklore Board ce ke ba da izinin amfani da su don kasuwanci. In sanannen kiɗan gargajiya za ka sayar, tuntuɓe su tukuna.

6. Shimfiɗa tabarma

Yanzu a zauna gaban kwamfuta. Ɗauki daƙiƙa 20 na wani abu mai amo, jan goge ɗaya ko jelar sifiri. A Audacity, cikin jerin Effect, zaɓi Paulstretch. Lambar ja tana zuwa a 10, wato daƙiƙa 20 za su zama minti uku da daƙiƙa 20. Lamba ta biyu tana zuwa a 0.25. In ka ɗaga ta, sautin zai ƙara narkewa kamar hazo, in ka rage, za a ɗan ji asalin motsinsa. Gwada uku ka zaɓi ɗaya.

Hanya ta biyu ita ce rage gudu. A Reaper danna F2 a kan sautin, ka mayar da gudun 0.5, ka cire alamar da ke riƙe murya. Zai ninka tsawo, muryarsa ta sauka okteb ɗaya, wato murya ɗaya ce amma ta koma mai kauri. Injin niƙa a rabin gudu yana zama gunjin da ake ji a ƙirji.

Sai daidaita murya. Saurari inda kalangu ke komawa in an sake tsarkiya, nan ne gidansa. Matsa shimfiɗar sama ko ƙasa har su zauna tare ba faɗa. Wutar Ghana tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, shi ya sa gunjin firij da na injin da ke kan wuta ke zama kusa da muryar G ta ƙasa, wadda take haz 49. In ka gina aikin a kusa da G, gunjin wuta da ya saci hanya ya shiga naɗinka zai zama ɗan gida.

Hattara: shimfiɗa biyu, in ta yi yawa uku, sun isa: ɗaya a ƙasa, ɗaya a tsakiya, da ruwa ko kwaɗi a sama. Supermassive kuma ka ba ta layinta (track) dabam, ka riƙa tura mata kaɗan-kaɗan. In ka zuba ta a kan komai, aikin zai zama kunu.

7. Ɗora ƙarfe a sawun makaɗi

Sa naɗin kalangu a layi na farko. Kashe ƙwanƙwasa, kashe maganaɗisun da ke jan sauti zuwa layi. Kunna, kana danna M a kan kowane babban bugu, Reaper za ta ajiye alama. Waɗannan alamomin su ne ma'auninka.

Buɗe jakar ƙarfe. Maɓallin Tab yana kai ka farkon bugu, S yana yankewa. Zaɓi huɗu ko biyar kawai: mai nauyi, mai kaifi, mai doguwar jela, mai kaushi. Mai nauyin bai zama dole ya zama ƙarfe ba. Taɓarya a turmin fufu, in an sauke muryarta okteb ɗaya, ta fi duk bugun ƙasan da na taɓa saukewa daga intanet. Jera su da hannu a kan alamomin, ko ka zuba su a ReaSamplOmatic5000, kayan buga sauti da ke cikin Reaper, ka buga da yatsa kana bin makaɗin.

Yawancin kiɗanmu yana tafiya uku a kan biyu. In kalangu yana ƙirga uku, bar guduma ta ƙirga biyu a tsawon lokaci ɗaya, su haɗu su rabu su sake haɗuwa. Kuma ka saurari inda makaɗin ya yi shiru, nan ƙarfe zai amsa, kamar amshi a waƙar daɓe. In guduma tana faɗa a kan kowane bugun kalangu, ta rufe masa baki.

Ƙazanta sauti: kwafi layin ƙarfen, ka ƙona kwafin da JS Distortion ko Saturation har ya yi kaushi, sannan ka shigo da shi a hankali ƙarƙashin mai tsabtar. Amma hanyar da na fi so ba ta cikin kwamfuta. Sa ƙaramar lasifika a cikin fankon duro ko a matakalar benen da ba a gama ba, kunna ƙarfen, ka sake naɗa daga nesa. Tsohuwar rediyo mai yagaggen lasifika ma tana ba da kaushin da manhaja ba ta da shi.

Hattara: ƙonannen ƙarfe yana tara kaifi tsakanin kilohaz 2 da 5, daidai inda kunne ya fi jin zafi. Rage wurin da ReaEQ, rariyar sauti ta Reaper, desibel uku zuwa shida. Tsoro da nauyi ake nema, wanda ya ji ciwon kunne kashewa zai yi. Kalangun kansa kuma ka bar layi ɗaya nasa da tsabta.

8. Tsara tafiyar

Babu baiti babu amshi a nan, saboda haka zana a takarda. Minti shida zuwa tara ya isa aikin farko. Nawa yakan fara da wuri, a ji ruwa ko kasuwa, gunji ya taso daga ƙasa, kalangu ya shigo daga nesa kafin ya matso, ƙarfe ya zo a makare. A wani wuri ka janye komai ka bar makaɗin shi kaɗai na daƙiƙa ashirin. Duk daƙiƙa talatin wani abu ya motsa, ko da ɗan buɗe rariyar sauti ne. In ka gama, kashe layuka ɗaya bayan ɗaya. Wanda ka kashe ba ka ji kewarsa ba, goge shi.

Hattara: shiga saitin Reaper ka sa ta riƙa ajiye aiki da kanta duk minti biyu ko uku.

9. Daidaitawa

Fara da sauke kowane layi ƙasa. Ɗaga kalangu, sai bugun ƙasa, sai shimfiɗa, ƙarfe a ƙarshe. Jimillar kada ta wuce -6 dB. Duk abin da ba bas ba ne, yanke masa ƙasa da haz 100, domin gunjin iska da na motoci yana ɓoye a can. Abin da ke ƙasa da haz 120 ya zauna a tsakiya, faɗin dama da hagu na ruwa ne da jelar ƙarfe. In shimfiɗa tana danne ganga, rage mata tsakanin haz 200 da 500.

Yawancin masu saurarenka a waya za su ji, kuma lasifikar waya ba ta fitar da can ƙasa. Ɗan ƙona bas ɗin kaɗan, sai ya haifi muryoyi a sama waɗanda waya za ta iya nunawa. Gwada a wuri huɗu: hedifon, waya, ƙaramar lasifikar bulutut, da mota. Direban tasi da kuka saba zai ba ka minti biyar. Rubuta abin da ka ji, ka koma ka gyara abu ɗaya ko biyu.

Hattara: bayan minti 45 cire hedifon ka fita. Gajiyayyen kunne ƙarin ƙarfi yake nema. Kada ka yanke hukunci da dare, bari sai da safe.

Gyaran ƙarshe: limita ɗaya, wato abin da ke hana sauti wuce iyaka, rufinsa a -1 dB. Spotify tana daidaita kiɗa a wajen -14 LUFS, ma'aunin ƙarfi da Youlean ke nunawa, saboda haka matse shi fiye da haka ba ya ƙara maka komai a can, sai dai ya cinye tazarar da ke tsakanin shiru da tsawa, wadda ita ce jarin irin wannan kiɗa. Fitar da WAV mai bit 24.

10. Fitarwa

Makaɗin ne zai fara ji, a gidansa, kafin kowa. In ya ce wani wuri bai dace ba, cire. Masta na Suame ma ka koma ka kunna masa.

Bandcamp ce kasuwar masu irin wannan kiɗa. Tana karɓar WAV, AIFF ko FLAC, tana ɗaukar kashi 15 cikin 100 na cinikin fayil, ban da ladan masu tura kuɗi. Kafin ka buɗe shafi, duba hanyar da suke biya ka tabbata tana aiki da asusun da kake da shi a Ghana, domin batun PayPal ya daɗe yana ba 'yan ƙasar nan wahala. SoundCloud da Audiomack don a ji ka ne. Yi rajista da GHAMRO, ƙungiyar karɓar haƙƙin masu kiɗa ta Ghana, saboda haƙƙinka in an kunna a rediyo. A bayanin aikin rubuta sunan makaɗi, sunan gangar, da wurin da aka naɗi kowane sauti.

Inda za ka aika: masu shirya bikin zane-zane da kiɗa na Chale Wote da aka fara a Jamestown ta Akra a 2011, da kamfanin fitar da kiɗa Nyege Nyege Tapes a Kampala. Aiki biyu mafi kyau, saƙo gajere, mahaɗi ɗaya. In ta WhatsApp za ka tura wa wani, tura fayil ɗin a matsayin takarda (Document), kada ka kunna ka naɗa a saƙon murya.

In aka gayyace ka ka kunna a gaban jama'a, je da wuri ka gwada. In ka ji lasifika na gunji da zarar ka haɗa laftof, zare cajar ka gani. In ya ɗauke, daga wutar ne: cika batiri ka yi wasan a kansa, ko ka nemi akwatin DI mai maɓallin raba waya ta ƙasa. Riƙe aikin gaba ɗaya a waya da wayar haɗi a aljihu saboda ko wuta za ta tafi. In Baba zai zo da kalangunsa, kuɗin motarsa da na wasan dabam ne da na naɗi, kuma a ba shi tasa lasifikar a gabansa don ya ji ƙarfen da zai amsa wa.